Gawar da Ta Kwana a Gidanmu

Wata Alhamis ce da hantsi, a ƙarshen damina, shekara ta biyu da naira ta kori fam da sule, na dawo daga rijiya da tulu a ka na tarar da ƙawata Rahila tsaye a ƙofar ɗakinsu, ta ware hannuwa ta dafe bango hagu da dama. A gabanta matan gidanmu ne da na maƙwabta, wata da bokitin ruwan ɗumi, wata da ganyen magarya da sabulu, wata kuma ta rungumo farin yadin da aka yanko a kasuwa. A cikin ɗakin mahaifiyarta Saratu ce kwance, rai ya yi halinsa tun fitowar rana. Rahila ba kuka take yi ba, idonta a bushe ƙamas. Duk wadda ta matso da lallashi, magana ɗaya take maimaita mata: "Ba mai taɓa ta sai Babana ya zo." Babanta kuwa yana can gaba da Birnin Kudu wajen aikin titi, bai ma san abin da ya faru ba. Shekarunmu sha biyu ni da ita, kuma har na girma ban taɓa ganin an tare hanyar masu wankan gawa ba sai ran nan.

Gidanmu yana gefen Wudil ne ta wajen kogi. Babana manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, in rani ya yi kuma ya kora jakunansa kogi ɗibar yashi. Shekarun nan kuɗin mai sun shigo, Kano ta kama gini kamar za a ƙare duniya gobe, tifofi suna layi a bakin kogi tun asuba, yashin da a da sai kaji ke birgima a cikinsa ya zama abin nema. Kamfanin titi ma ya sauka da ma'aikata daga ko'ina. Cikinsu akwai Malam Bitrus, direban gireda, motar nan mai baje ƙasar titi, Kirista ne mutumin kudancin Zariya, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shi ya kama hayar sashen da kakana ya mutu ya bari, ya tare da matarsa da 'yarsu ɗaya tilo. An ɗan yi ƙus-ƙus a unguwa, amma kakata Iya, wadda ta haifi Baba, ta ce "baƙonka annabinka," aka rufe zancen. Iya ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, gajeriya ce mai ƙaramar murya, amma ko Baba da furfurarsa in ta kira sunansa sau ɗaya ba ya bari ta sake.

Ni da Rahila tun ranar farko muka ƙulle. Ajinmu ɗaya a firamare, tsintsiya ɗaya muke rabawa wajen sharar fili, bulalar makara ma tare muke sha, don ni ba na fita sai na kankare ƙanzon tukunya, ita kuma ba ta tafiya ta bar ni. In an tashi mu ɗauki farantin dafaffiyar gyaɗa mu nufi tasha, mu bi tagogin motocin da suka hauro gada muna talla. Da yamma in na tafi makarantar allo takan zauna a bakin zaure tana carafke da duwatsunta, har ƙananan surori suka zauna mata a ka ba tare da ta nema ba. Ni kuma waƙoƙin majami'arsu suka maƙale mini, har wata rana ina surfe Iya ta ji ina rera ɗaya, ta ce, "Zulai mai kunnen ƙashi, karatunki bai zauna ba, na mutane ya zauna." Da farin wata mu yi gaɗa a ƙofar gida, da rana mu yi tuwon ƙasa a gindin darbejiya, in mun gaji mu je Saratu ta yi mana kitso. Hannunta akwai zafi, amma kitsonta yakan yi wata bai tsufa ba.

Faɗanmu na gaske sau ɗaya ne, kuma a kan mutuwa muka yi shi. Lokacin Ista ne, an ɗinka wa Rahila sabuwar riga, Saratu ta aiko mana da shinkafa da miyar kaza, wadda Baba ne ma ya yanka musu don kowa ya ci. Muna zaune muna ɓarar gyaɗar iri na tambaye ta sallar mece ce wannan. Ta ce ranar da Yesu ya tashi daga matattu ce, an kashe shi a kan gicciye, an sa shi a kabari, rana ta uku ya fito da ransa, kuma saboda tashinsa ne duk wanda ya ba da gaskiya gare shi zai tashi. Ni kuwa da ma an ce mai ɗan sani ya fi jahili fitina, na miƙe da ɓawon gyaɗa a cinya na ce ƙarya ne, Annabi Isa bai mutu ba, ba a kashe shi ba, Allah ne ya ɗauke shi sama, kuma zai sauko a ƙarshen zamani sannan ya mutu kamar kowa. Na ƙara da cewa kowa zai tashi ranar alƙiyama ba don wani ya riga shi ba, kowa da aikinsa za a auna masa. Ta ce in bai mutu ba to wa ya ɗauke zunubi? Na ce kowa ɗan nasa zai ɗauka a ka. Ta watsa mini gyaɗa, na finciki sabon ɗankwalinta, muka yi gaba har muka gaji don kanmu. Da Iya ta ji dalili sai ta ce mu biyun duka ba wadda ta taɓa mutuwa ta dawo, mu tattara gyaɗar mutane tukuna. Saratu kuma dariya ta yi, ta ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ban sauka daga ra'ayina ba, Rahila ma ba ta sauka ba, haka muka ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya.

Da damina ta yi nisa aka tura su Malam Bitrus wancan aikin mai nisa, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Bayan tafiyarsa shawara ta kama Saratu. An sha saiwoyi, an je asibiti an karɓo magani, idanunta suka yi ɗorawa, jiki ya zube. Ta hana a aika masa, wai kada ya bar aiki a ba wani giredarsa. Wata rana da la'asar na kai mata kunun tsamiya da Iya ta dama, na tarar Rahila tana matsa mata ƙafa. Sai ta ce in zauna. Ta dubi 'yarta ta ce, "In Ubangiji ya kira ni, kada a rufe ni babanki bai ga fuskata ba. A sa mini kayan zumuntar matan majami'a, a sa ni a akwati kamar yadda ake yi a gida." Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Zulai, kin ji ai. Mutanenku suna da kirki, amma suna da sauri." Na ce na ji, ina ta wasa da murfin kwano, don a zatona zafin ciwo ne kawai ke sa ta magana.

To ga shi ranar ta zo. Dole in yi wa mutanenmu adalci, don babu mugunta ko ƙwayar zarra a abin da suka zo yi. A wurinmu gatan mamaci shi ne a gaggauta suturta shi. Mun tashi muna jin ana cewa gawa ba ta kwana, wanda ya mutu da safe kafin azahar an dawo daga rufe shi, ɗansa ma in yana nesa sai dai ya zo ya tarar da zaman makoki. Barin mutum a kwance ana jiran wani, a idonmu wulaƙanci ne, kamar a bar baƙo tsaye a rana. Zancen a kai ta Kano a sa a ɗakin sanyi kuwa, da wani malamin makaranta ya kawo shi, mata har toshe kunne suka yi, kuma ba direban da zai ɗauki gawar matar aure ba da izinin mijinta ba. Maza sun taru a zaure sun yanke cewa ba za a yi mata salla ba tunda ba addininta ba ne, amma haƙƙin maƙwabtaka ne a wanke ta, a naɗe ta, a rufe ta da mutunci kafin rana ta yi zafi. Baba ya shigo da kansa ya durƙusa a gaban Rahila, abin da ban taɓa gani ya yi wa yaro ba, ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri ki ba su hanya. Azabtar da ita za mu yi in mun bar ta." Rahila ta ce mamanta ta bar wasiyya. Wata daga cikin matan ta ce ruɗewa ce irin ta yaro, wa ya ji?

Na sauke tuluna na ce ni na ji. A gidanmu yarinya ba ta tsoma baki in uba yana magana, Innata har ta zabura za ta make ni, amma na riga na wuce na tsaya kusa da Rahila na dafe bangon ni ma. Na faɗi maganar Saratu tiryan-tiryan, har da inda ta ce muna da kirki amma muna da sauri. Wasu suka yi salati, wata dariya ta kuɓuce mata ta danne da bakin zane. Baba ya dube ni da idon da na san ma'anarsa, ya ce in kauce. Na ce, "Baba, ku kuka ce mana alkawari kaya ne." Ban kauce ba, kuma na ƙudura a raina ko za a yanka ni ba zan kauce ba, don na amsa wa matar nan da bakina cewa na ji.

Iya ce ta raba gardamar. Ta ajiye ganyen magaryar da ke hannunta, ta ce ita dai a ranta wannan abu bai kwanta mata ba, kuma ranar da ita kanta ta mutu duk wanda ya bari ta kai la'asar ba ta yafe ba. Amma wannan ba gawarmu ba ce, amana ce a hannunmu, mai ita kuma ta faɗi yadda take so tun tana da baki. Aka aika wa Liman, ya ce gaggawa an umarce mu da ita ne a kan namu, maƙwabci kuma yana da haƙƙinsa ko addini ya bambanta. Baba ya yarda, amma da sharaɗi, kuma a gaban kowa ya kafa shi: da zarar gawar ta fara canjawa zai rufe ta, ko Bitrus ya zo ko bai zo ba, don ba zai bari a toshe wa matar hanci a gidansa ba. Nan take ya tafi tasha ya sami direban da zai bi ta wajen masu aikin titi, ya ba shi saƙo da baki.

Zafin ƙarshen damina a Wudil kowa ya san shi, nama in ya kwana sai an soya. Iya ta ɗaura ɗamara ta ce in randa tana sanyi a kan jiƙaƙƙen yashi, mutum ma zai yi. Aka kora jakunan Baba kogi, aka fitar da gado da akwatuna daga ɗakin, aka malala yashi a ƙasa mai kauri aka jiƙa shi sharkaf. Iya ta wanke Saratu da hannunta, Rahila tana miƙo mata ruwa, aka kwantar da ita a kan yashin aka lulluɓe da jiƙaƙƙen zane, aka zagaye ta da ganyen darbejiya, aka toshe taga da buhu, aka sa turaren wuta a kasko. Wani direban tifa da ke sayen yashi wurin Baba ya dawo daga Kano da ƙanƙara a cikin buhun garin katako, aka jera ta a gefe da gefe. Aikinmu ni da Rahila shi ne kada yashin nan ya bushe. Rijiya da ɗan nisa, guga mai nauyi, muka yi ta safa da tulu har tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, wuyana ya sage. Innata ta ce in huta wani ya karɓa, na ƙi. Na ga kamar in na ajiye tulun nan to na ajiye maganar da na faɗa a gaban Baba.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, kuma ya zaga da ƙari. Yara suka cika ƙofar gida suna leƙe, wai Kiristoci suna jira ne matar ta tashi a rana ta uku kamar yadda suke cewa annabinsu ya yi. Na kore su da tsinin tsintsiya, amma maganar ta shige ni. A hanyar rijiya na kasa haƙuri na tambayi Rahila ko gaskiya ne. Ta tsaya da tulu a ka ta ce, "A'a. Yesu ne ya tashi rana ta uku. Mama barci take yi, sai ranar ƙarshe in an busa ƙaho za ta tashi tare da kowa." Na ce mu ma ai akwai busa ƙaho. Ta ce ta sani. Sai a lokacin na gane ashe a can ƙasan zuciyata, ni da na yi dambe a kan cewa zancensu ba haka yake ba, na so a ce jita-jitar yaran gaskiya ce, Saratu ta miƙe ta kakkaɓe yashi ta ce mu kawo kai ta yi mana kitso. Na yi kukan da Rahila ba ta yi ba, ita ce ma ta koma lallashina.

Wani tsoron kuma na daban ne. An koya mana cewa da an rufe mutum, kafin takun masu rakiya ya ɓace, mala'iku biyu za su zo su zaunar da shi su tambaye shi Ubangijinsa da addininsa, daga nan ya zauna a barzahu cikin ni'ima ko akasinta har ranar tsayuwa. To ni da na tare ƙofa, ba na tsare mala'iku a hanya ba kuwa? Na sami Iya tana sake jiƙa zane na raɗa mata. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Mala'iku ba direbobin tasha ba ne da za su gaji da jira. Abin da ke tsakaninta da Mahaliccinta ba ni ba ke. Ɗebo ruwa." Ita ta kwana a ɗakin da carbinta, tare da wasu mata biyu Kiristoci, matar ɗan sanda da matar wani malami, waɗanda labari ya kai musu da yamma. Su suna waƙa ƙasa-ƙasa, ita tana jan carbi, ba wadda ta ce wa wata ta yi shiru.

Wayewar garin Juma'a kasuwa ta cika, shanu suna ta wucewa ta bayan gida, ƙanƙara ta narke saura ruwa. Baba yakan zo ƙofar ɗakin ya tsaya jim, duk mun san hancinsa ya kawo. Shi da kansa kuma, duk da bai so jiran ba, bai zauna ba. Wudil a lokacin ba ta da maƙabartar Kirista, ba kuma za a kai ta tamu ba, sai ya ba da kusurwar gonarsa inda aka riga aka girbe gero. Iya ta auna tsawon Saratu da karan dawa kamar yadda muke yi, aka kai wa kafintan kasuwa, mai yin ƙyaure da benci, wanda bai taɓa yin akwatin gawa ba, ya ce a bar shi da Allah. Karan nan dai aka karɓo aka miƙa wa samarin da ke haƙa kabari a unguwa, suka tafi gona da diga da shebur. Matan nan biyu suka taya Iya sa mata kayan zumunta, zane da riga da ɗankwali iri ɗaya. Iya da ta saba da likkafani fari ba ado, ita ta ɗaura ɗankwalin, har da gyara masa baki.

Ana saukowa daga masallacin Juma'a Baba ya kira Iya gefe, na ji yana cewa lokaci ya yi, in an kai la'asar za a ji kunya. Iya ba ta musa ba. Rahila ta fita bakin hanya ta tsaya a rana, na bi ta. Duk motar da ta taso sai mu zuba mata ido har ta wuce. Can sai ga wata tifa ta tsaya, wani mutum ya diro daga bayanta, jar ƙasa ta rine shi tun daga gashi har takalmi, da ƙyar na gane Malam Bitrus ne. Bai gaisa da kowa ba, ya wuce ɗakin. Iya ta yaye zanen daga fuskar ta fito ta ba shi wuri. Fuskar tana nan yadda ya san ta. Daga waje muka ji ya ce, "Saratu, ga ni na zo," sannan ne Rahila ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun jiya. Da ya fito ya zube a gaban Iya ya kama ƙafafunta, ta ce ya tashi, rana tana tafiya.

Mata ba sa rakiyar gawa a wurinmu, amma Rahila ta damƙe hannuna ta ƙi saki, ni kuma na ce a raina ai gonar ubana ce ba maƙabarta ba. Baba ya gan ni ya kawar da kai. Maƙwabtanmu Musulmi su suka ɗauki akwatin, suna ta sauri kamar yadda suka saba da makara, har sai da Malam Bitrus ya roƙe su su sassauta don masu waƙa su iya bi. Da aka isa bakin ramin sai kowa ya yi cirko-cirko. Samarin sun haƙa kabari mai kyau, irin wanda suka iya: babban rami, a tsakiyarsa ƙaramin rami siriri daidai a kwantar da mutum a kan gefensa na dama, kai kudu, fuska alƙibla. Har itace da fasassun tukwanen rufi sun tanada a gefe. Ba wanda ya tuna cewa akwati ba ya kwanciya a gefe. Ga akwatin kafinta kuma faffaɗa kamar ƙyaure, ko rabinsa ba zai shiga ba.

Kunya ta kama samarin. Wani dattijo ya ce tunda kabari ya haƙu, kuma matar ta jima, a fito da ita daga katakon a sa ta haka, ƙasa ai duk ɗaya ce. Malam Bitrus ya gaji, ya kwana a hanya, ga nauyin mutanen da suka yi masa abin da bai taɓa zato ba, na ga bakinsa yana shirin cewa to. Rahila ta saki hannuna ta je ta ɗora tafukanta biyu a kan murfin akwatin. Sai Baba ya tuɓe rigar Juma'arsa ya miƙa mini, ya karɓi diga ya dira cikin ramin. Daga ciki ya ɗago kai ya ce, "Malam Bitrus, ku yaya kuke kwantarwa?" Ya amsa cewa a garinsu rigingine ake sa mutum, kai yamma ƙafa gabas, don ranar tashi in ya miƙe ya fuskanci gabas inda Ubangiji zai bayyana, amma kada a wahala, a faɗaɗa kawai. Baba ya ce, "Mun kwana da ita a gida, juya rami ne zai gagare mu? Ku kawo shebur." Samari suka dira suka bi bayansa. Suka sare kafaɗun ramin, suka juya tsawonsa gabas da yamma, ƙasa tana tashi, gumi yana zuba, ba wanda ya sake kawo zancen sauri. Da igiyar jakunanmu aka zura akwatin, ya zauna daram. Kiristocin suka yi waƙarsu da addu'arsu, Rahila ta zuba ƙasar farko da hannunta, namu suna tsaye gefe sun sunkuyar da kai har aka gama, sannan suka cike ramin da ƙasa suka yi la'asar a bakin gonar.

Ba a daɗe ba aikin titi ya ƙare, Malam Bitrus ya kwashe 'yarsa suka koma gida, daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba. Baba bai ƙara sa garma a kusurwar nan ba har ya koma ga Allah. Yanzu gari ya cinye gonakin, ɗakunan hayar ɗalibai sun kewaye wurin, akwai waya a aljihun kowa, akwai ɗakin sanyi da motar ɗaukar gawa, abin da ya ci mana tafin hannu yau kira ɗaya ne. Amma kowa ya koma unguwar masu irin addininsa, jikokina ba su da wata Rahila da za su yi musu da ita su koma kwano ɗaya, kuma wannan yana yi mini ciwo. Ina nan kan abin da aka koya mini game da kabari da hisabi, na kuma tabbata in tana raye ita ma tana kan nata. Da aka zo rabon gadon Baba na ce a sa kusurwar nan a cikin kasona, 'yan'uwana suka ce Zulai har yanzu kunnen nan bai yi laushi ba. Na zagaye ta da bulo. Dillalai sun yi ta zarya, wani har ya ce zai kwashe abin da ke ciki ya kai wani wuri da mutunci, na ce ya sha ruwa ya kama hanya. Mu Musulmi da su Kirista duka mun yarda za ta tashi. Ina so ta tashi a inda mijinta ya ajiye ta.